Tambayoyinku kan akwatin NAS: wanne za a saya, ta ina ake shiga, wa zai riƙe makulli

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Satin nan saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato akwatin ajiyar nan da ake kira NAS. Ga wanda bai san shi ba, ɗan akwati ne da ake zura masa had disk ɗaya ko biyu ko huɗu, a jona shi da rawuta ta kebul, shikenan duk wata kwamfuta da waya dake gidan ko ofis ɗin zata iya ajiya a ciki ta kuma ɗauka. Rumbu ne dai, amma na fayil. Na zaɓo guda shida, na ɗan rage tsawon wasu.

"Salam Injiniya. Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a Tudun Wada, yara uku ke min editin a shago. Had disk na waje guda shida ne a durowata, watan jiya ɗaya ya faɗo daga tebur ya tafi da bikin mutane gaba ɗaya tun daga kamu har buɗar kai, wlh har yanzu kunyar haɗuwa da dangin amarya nake. Wani yace in sayi NAS, amma da na ga hotonsa ba sikirin ba kibod, toh ta ina ake sarrafa shi? Kuma wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Wannan asarar ta taɓa ni sosai, don biki ba abu bane da za'a ce a sake.

Maganar sikirin, baya buƙata. Kwamfuta ce ƙarama a cikinsa kuma fuskarta a burauza take fitowa, Chrome ko Firefox ko duk wacce kake amfani da ita. Kana jona shi da rawuta zata bashi adireshi irin 192.168.0.105 ko 192.168.1.20, kai kuma ka zauna a laftof ɗinka ka rubuta adireshin a sama inda ake rubuta sunan shafi. In akwatin na kamfanin Synology ne sai ka ƙara :5000 a ƙarshe, ko :5001 in ta https zaka shiga, in na kamfanin QNAP ne :8080. In baka san adireshin ba, a Synology rubuta find.synology.com zai lalubo maka shi, QNAP kuma suna da Qfinder Pro. Abinda zai buɗe kamar destof ɗin kwamfuta yake, da gumaka da tagogi da komai, na Synology sunansa DSM na QNAP kuma QTS. A nan zaka ƙirƙiri folda, ka buɗe ma yara akawunt, ka duba lafiyar disk, har kashe shi daga nan ake yi. Kuma shiga wannan shafin daga cikin shago baya cin data ko kaɗan, ko da sabis ya ɗauke gaba ɗaya zai buɗe tunda magana ce tsakanin laftof da akwati ta cikin rawuta. Ranar farko dai zai nemi intanet don ya sauke manhajarsa, ɗaruruwan megabait ne. A ranar farkon nan zai goge duk abinda ke kan disk ɗin da ka zura masa, don haka kada ka ɓalle ɗaya daga cikin shidan nan naka mai aikin mutane ka saka.

Wanne zaka saya? Ni mai ramin disk biyu zan ce maka, kuma in baka taɓa riƙe irin abin nan ba Synology yafi sauƙin hannu. DS223j shine na mai ƙaramin ƙarfi, DS224+ yafi shi kuzari kuma ana iya ƙara masa RAM, kai da yara uku ke jan bidiyo lokaci ɗaya mai alamar + ɗin zai fi maka. Mai rami ɗaya kada ma ka kalle shi, matsalar da ta same ka ce zata dawo da sabuwar riga. Amfanin biyun shine ka saita su RAID 1, ko SHR kamar yadda Synology ke kiran nasu, duk abinda aka rubuta a wannan sai an rubuta a wancan, ranar da ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Amma ka sani disk biyu masu 8TB zasu baka wurin guda ɗaya ne, ba 16 ba, shima a shafin zaka ga bakwai da ɗan wani abu saboda lissafin masu ƙera disk daban da na kwamfuta. Mutane da yawa nan suke ɗaga murya suce an cuce su. Ba cuta bace.

Galibi akwatin fanko ake sayar da shi, disk daban. Nan ne nake so ka buɗe ido. Nemi Seagate IronWolf ko WD Red Plus. Ka lura da kalmar Plus ɗin, don a 2020 aka gano wasu WD Red na zalla suna amfani da salon rubutu da ake kira SMR, wanda yake jan ƙafa sosai lokacin da akwati ke kwafe disk zuwa sabon disk, bayan hayaniyar ne kamfanin ya ware masu ɗaya salon da ake kira CMR, wanda bashi da wannan jan ƙafar, ya sa musu suna Red Plus. A shagunan kwamfuta na garin nan abinda yafi yawa shine disk ɗin kyamarar tsaro, WD Purple da SkyHawk, mai shago zai ce maka ai duk ɗaya ne. Zai yi aiki, amma don rikodin ɗin kyamara aka ƙera shi, kai kuma amanar bikin mutane zaka ɗora, ka daure ka nemi na ainihi ko da sai an aiko maka daga Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Farashi bazan faɗa ba don yana bin dala, yau daban gobe daban. In an kawo, kafin ka sallami kowa, duba lambar jikin disk ɗin a shafin garantin kamfanin, sannan bayan ka saka ka shiga Storage Manager a shafin ka duba bayanan S.M.A.R.T., wato rahoton lafiyar disk, akwai wurin da yake nuna awa nawa disk ɗin ya taɓa yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. In an ce maka sabo ne ka ga awa 20,000 to tsoho ne aka goge masa fuska, maida musu.

Yanzu ga abinda nafi damuwa dashi, kuma shi yasa nake ce ma kowa kada ya kashe duk kuɗinsa a girman disk: wuta. Mu a Kaduna mun san yadda ake ɗauke ta ba sallama, a kawo ta da ƙarfi, a juya zuwa janareta ana tsakiyar aiki. Laftof na da batir, akwatin nan bashi da shi, kuma in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu sau ɗaya sau biyu zai iya jurewa, amma kullum kullum wata rana zaka buɗe shafi ka tarar da jan rubutu. Na taɓa zuwa wani shago a Kakuri da suka sayi akwati mai tsada da manyan disk suka jona shi kai tsaye a soket ɗaya da firinta, wata huɗu kacal yayi, sai da muka kwana biyu muna lallaɓa shi kafin aka kwashe abinda za'a iya kwashewa. Don haka UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, dole ne, kuma mai ramin USB a baya zaka nema, wanda yake cikin jerin da kamfanin akwatin ya amince dasu. Ka haɗa kebul ɗin USB daga UPS zuwa akwatin, ka shiga Control Panel, Hardware & Power, ka kunna UPS, ka ce masa in wuta ta yi minti biyar bata dawo ba ya tattara aikinsa ya kwanta da kansa. A wurin dai akwai inda zaka ce ya tashi da kansa in wuta ta dawo. In kana da sola da inbata Alhamdulillah, akwati mai disk biyu wajen watt 15 zuwa 20 yake ci, bai kai fankar silin ba. Rawuta ma ka ɗora ta a kan UPS ɗin.

Sai kebul. Kada yara suyi editin ta wayafai, ka sayi ƙaramin suwic na gigabit, wato ɗan akwati mai ramukan kebul da yawa, da kebul Cat6, kowace kwamfuta da nata. Gigabit zai baka wajen megabait 110 a daƙiƙa, bidiyon 100GB minti goma sha biyar da ɗoriya. Yawancin ƙananan rawutocin 4G ramin kebul ɗinsu na 100 ne, wato kashi ɗaya bisa goma na gudun gigabit, wannan aikin sai ya kwashe kusan awa biyu da rabi, kaga sai kace akwatin ne bashi da kyau alhali ba laifinsa bane. Kuma ka ɗaga shi daga ƙasa, lokacin hunturu ƙura na toshe masa fanka, a watan Maris da Afrilu kuma zafi, shafin yana nuna zafin kowane disk, in kaga yana haura digiri 45 nema masa iska.

Abu na ƙarshe, disk ɗin nan shida kada ka watsar. RAID madubi ne kawai, in yaro ya goge foldar biki bisa kuskure a take zata goge a duka biyun, in ɓarawo ya shigo ko gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, duka biyun zasu tafi tare. Kunna kwandon shara a kowace folda, sannan duk Juma'a ka jona ɗaya daga cikin na wajen a USB ɗin akwatin, manhajar kwafin ajiya ta Synology mai suna Hyper Backup ta kwafe, ka zare ka tafi dashi gida.

"Malam barka da aiki. Ni ce mai wata makarantar firamare da sakandare a Malali. Shekara biyu kenan wani yaro ya haɗa mana Synology, sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta da albashi duk suna ciki. Yanzu ya samu aiki a Abuja, wayarsa bata shiga, shi kaɗai yasan faswod ɗin shiga. Malamai duka da suna ɗaya suke buɗewa, jiya naji wata malama na faɗin albashin wata. In sayi sabo ne ko yaya?"

Hajiya ranki ya daɗe, kada ki sayi komai. Akwatinki lafiyarsa ƙalau, makulli ne ya bar hannunki kuma ana iya dawo dashi cikin minti goma.

A bayan akwatin akwai ɗan rami da aka rubuta RESET. Yana kunne, a sa tsinken fefakilif, ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu, a danna a riƙe kamar daƙiƙa huɗu har ya yi ƙara sau ɗaya, sai a saki nan take. Wannan zai share faswod ɗin babban akawunt mai suna admin, ya maida saitin adireshi yadda yazo daga kamfani, fayilolinki kuma bazai taɓa su ba. Dan Allah Hajiya a kula, sau ɗaya ne. In aka saki aka sake dannawa aka riƙe har yayi ƙara uku, wannan wani mataki ne daban da yake sa a sake ɗora manhajar gaba ɗaya, duk saitin akawunt ya tafi. Kuma in yaron ya kulle wata folda da makullin sirri na musamman, ita sai da wannan makullin zata buɗe, don haka kafin a danna a fara kwafe muhimman abubuwa zuwa wani disk tunda har yanzu sunan da malamai ke shiga dashi yana aiki. Bayan nan a nemo shi da find.synology.com, a shiga da admin, zai ce a saka sabon faswod.

Daga nan sai gyaran gida. Ki buɗe sabon akawunt na shugabanci da wani suna da ke kaɗai kika sani, ki shiga dashi, ki kashe admin ɗin nan gaba ɗaya don shine sunan da kowane ɓarawon intanet ke fara gwadawa. Ki duba jerin masu akawunt, na yaron da duk wani sunan da baki gane ba a rufe. Ba wai ana zarginsa bane, ƙa'ida ce, ko maigadi ne ya bar aiki ai ana canza kwaɗo. Ki duba ko ya kunna QuickConnect, wato hanyar shiga akwatin daga waje ta intanet, da imel ɗinsa, in haka ne a cire a saka na makaranta.

Maganar albashi kuwa, suna ɗaya ga kowa shine ya jawo. Kowace malama da malami a bashi sunansa da faswod ɗinsa. Don kada aikin yayi yawa sai a yi rukuni, misali rukunin malamai, rukunin akawu, rukunin shugabanni. Foldar sakamako malamai su iya karantawa da rubutawa, foldar kuɗi da albashi a sa musu babu shiga, har akwai saitin da zai ɓoye ta ma kada su ganta. Duk wannan a Control Panel ake yi, danne danne ne kawai, in kin iya cike fom a intanet zaki iya. Wani amfanin shine akwatin na iya rubuta wa ya buɗe me, wa ya goge me, da ƙarfe nawa, in an kunna masa wannan a Log Center, ranar da makin wani ɗalibi ya canza ba sai an tara mutane ana rantse rantse ba.

Ni shawarata ko wa zaki ɗauka ya kula dashi nan gaba, ki zauna kusa dashi ranar saiti, babban faswod ke zaki rubuta da hannunki, ki sa kwafi a ambulan a ajiye inda kike ajiye takardun filin makaranta. Bayanan 'ya'yan mutane ne a ciki da sirrin ma'aikatanki, amana ce a wuyanki, shi mai gyara yau yana nan gobe ya tafi.

"Yaya ina wuni. Ina da QNAP a gida a Kawo, ina yawan zuwa Zariya da Abuja, ina so in riƙa buɗe shafinsa daga can. Na kalli bidiyo a YouTube sunce in buɗe fot 8080 a rawuta, nayi amma yaƙi. Layin MTN ne a rawutar. In canza zuwa Starlink ne?"

Ƙanena, da yaƙi ɗin nan Allah ne Ya rufa maka asiri. Koma ka goge wannan saitin na buɗe fot yau, don ƙofar shigowa ce daga waje, ka kuma kashe UPnP, saitin da ke buɗe irin ƙofar da kansa, a rawutar da cikin akwatin.

Dalilin da yasa yaƙi, layukan waya basa ba kowane kastoma adireshin intanet nasa na kansa, mutane da yawa ake tarawa a bayan guda ɗaya, ana kiran tsarin CGNAT, don haka wanda ke waje bashi da hanyar ƙwanƙwasa ƙofarka kai tsaye. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, shima ƙaramin tsarinsa na gida haka yake, kaga in don wannan ne kuɗinka zaka zubar.

Amma ko da zai yi, bana so kayi. Shafin da kake shiga ka sarrafa akwati shine ƙofar rumbun gaba ɗaya, in ka fito da ita bakin titi akwai na'urori da aikinsu kenan dare da rana, bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna gwada ƙofofi. A Afrilun 2021 wata cuta mai suna Qlocker ta bi akwatunan QNAP dake buɗe a intanet ta ƙulle fayilolin mutane, aka ce sai sun biya. A Janairun 2022 DeadBolt ta zo, mutum ya buɗe shafin akwatinsa ya tarar da baƙin allo ana neman bitcoin 0.03, wata ɗaya bayan nan ta faɗa kan akwatunan kamfanin Asustor. A Yunin 2021 kuma masu WD My Book Live suka wayi gari an goge musu komai daga nesa, na'urar da tun 2015 ba'a sake mata afdet ba. Synology ma sun ga nasu a 2014 da SynoLocker. Ba kamfani ɗaya bane, duk wanda ya bar ƙofa a buɗe ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai sai ka shafa ma naka ruwa.

Abinda nake amfani dashi kuma nake ba mutane shawara shine Tailscale. Zaka saka shi a akwatin, ka saka a wayarka da laftof, ka shiga da akawunt ɗaya, sai ya haɗa su ta wata ɓoyayyiyar hanya kamar duk suna ɗaki ɗaya, baya buƙatar buɗe komai a rawuta kuma CGNAT baya hana shi, na amfanin mutum ɗaya kyauta ne. Kana cikin jirgin ƙasa daga Rigasa in akwai sabis zaka rubuta adireshin da ya baka shafin ya buɗe. QNAP na da nasu myQNAPcloud Link, Synology na da QuickConnect, suma suna ratsa CGNAT kuma sunfi sauƙin saiti, sai dai wani lokacin suna biyawa ta sabar kamfani abin yayi nauyi. Duk wanda ka zaɓa, kunna tantancewa mai mataki biyu wato bayan faswod sai lambar da waya zata baka, kunna toshe duk wanda ya gwada faswod sau biyar bai dace ba, kuma in afdet yazo kada ka yi ta ɗaga shi zuwa gobe.

Ka tuna da data fa. Daga waje duk fayil ɗin da ka jawo ana cirewa sau biyu, a layin gida da ya tura da layin wayarka da ya karɓa. Takardu da hotuna ba damuwa, amma in fim zaka riƙa kallo daga Abuja rawutar gida zata ƙare kafin rabin wata.

"Oga shafin nawa kullum sai burauza ta nuna jan gargaɗi wai haɗin ba amintacce bane. An yi min kutse ne? Kuma tun da aka canza rawuta adireshin ya daina buɗewa sai na sha wahala."

Ba kutse bane. Akwatin da kansa ya rubuta ma kansa takardar shaida, burauza kuma bata san wanda ya sa hannu ba shine take gargaɗi. In a cikin gidanka kake kuma adireshin naka ne mai farawa da 192.168, wuce abinka. Na biyun kuma rawuta ce ke canza masa adireshi, shiga saitinta ka kafe masa guda ɗaya na dindindin, ka ajiye shi a bukmak.

"Salam. Ni ɗalibi ne a Poly, kuɗin Synology yafi ƙarfina amma ina da tsohuwar destof a ɗaki. Ance zan iya maida ta NAS, gaskiya ne?"

Gaskiya ne, kuma naji daɗin tambayar nan. Akwai TrueNAS, wanda da ake kira FreeNAS, akwai OpenMediaVault da aka gina kan Debian, duka kyauta. Sau ɗaya zaka jona sikirin ka ɗora, daga nan ta nuna maka adireshi, ka cire sikirin ɗin ka koma burauza kamar kowa. TrueNAS na son RAM aƙalla 8GB da wani ƙaramin disk daban da zai zauna a kai, in destof ɗin ta tsufa sosai OpenMediaVault yafi dacewa, shi ko a 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi yana tashi. Inda zaka ji jiki shine wuta, tsohuwar destof sai ta ci watt 60 zuwa 100, ninki huɗu ko biyar na ɗan akwatin, ƙaramin UPS bazai riƙe ta da daɗewa ba. Don koyo kam babu kamarsa, wanda ya iya saita folda da izini da bakof a TrueNAS ya samu sana'a a hannu, ofisoshi da makarantu da asibitoci a garin nan suna neman irinsa. Amma kada ka fara da ɗora firojet ɗinka kwafi ɗaya tak a kai, fara da abinda in ya ɓace bazaka yi kuka ba.

"Injiniya taimaka. Muna da biznes santa a Barnawa, akwatinmu mai disk biyu tun shekaranjiya yake ƙara ƙit ƙit ba tsayawa, fitila ɗaya ta koma ruwan lemo. Yarona ya shiga ya kashe ƙarar, fayil duka suna buɗewa lafiya. Mu ci gaba da aiki ko akwai matsala?"

Alhaji akwai matsala, kuma ta yau ce ba ta wani satin ba. Kashe ƙarar kamar cire ma mota fitilar mai ne, man bai ƙaru ba. Ku shiga Storage Manager yanzu, kusan tabbas zaku ga kalmar Degraded, ma'ana disk ɗaya ya faɗi, ɗayan ne ke ɗauke da komai shi kaɗai, shi yasa kuke ganin fayil na buɗewa. In shima ya bi ɗan'uwansa babu sauran inda za'a dawo dasu, kuma yawanci rana ɗaya aka saye su, awanni ɗaya suka yi, zafi ɗaya suka sha.

Kafin komai, kafin ma ku je kasuwa, ku jona disk na waje ku kwashe abinda yafi muhimmanci, takardun kastomomi da firojet ɗin ɗalibai da duk abinda aka biya ku kuɗi a kai. Nace a fara da wannan ne saboda gyaran da za'a yi yana sa tsohon disk ɗin karanta kansa tun daga farko har ƙarshe ba hutu, kuma a irin wannan lokacin ne gajiyayyen disk yake cikawa.

Sannan ku duba a shafin wanne ne ya mutu, Drive 1 ko Drive 2, ku rubuta lambar jikinsa a takarda. Nan mutane ke yin kuskuren da baya gyaruwa, su zare mai lafiyar su bar mataccen. Sabon da zaku saya girmansa ya zama daidai da tsohon ko ya fi shi, ƙasa da haka akwatin bazai karɓa ba, kuma mai CMR kamar yadda na faɗa ma mai hoto a sama. Baka faɗa min samfurin ba, in irin DS224+ ne mai aljihun da ake zarowa ta gaba ana iya canzawa yana kunne, in irin masu j a ƙarshe ne sai an kashe shi ta shafin, a kwance murfi da sukundireba. Kuna sakawa ku koma Storage Manager, ku zaɓi Repair, ku nuna masa sabon disk ɗin. Zai ɗauki awanni, in disk ɗin babba ne har kwana, kuma a tsawon lokacin nan wuta kada ta yanke masa, don haka a tanadi mai a janareta ko a tabbata batirin inbata ya cika kafin a danna. Ku rage masa aiki ranar, firintin da ba na gaggawa ba a yi shi daga filash.

In ya gama ya koma kore, ku shiga wurin sanarwa ku saka imel ɗin da kake dubawa kullum a wayarka Alhaji, naka ba na yaron shago ba, ku danna gwaji ku ga saƙon ya shigo. Ku kuma sa masa jadawalin gwajin S.M.A.R.T., gajere duk wata, dogo duk bayan wata shida. Mataccen disk ɗin kuma kada a ba yara ko masu jari bola haka nan, takardun mutane na ciki, in yana cikin garanti a bi hanyar garanti, in ya wuce a huda shi da dirila kafin a yar.